Kawu, Jamus Ɗinka Ta Iso Mafara

Zuwa ga Kawuna, marigayi Malam Haliru, wanda duk Mafara ta sani da Na-Jamus.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa yayan mahaifiyarsa, a durƙushe, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka. A makaranta an koya mana mu ce "ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya." Rabin farko na bar wa Allah. Rabi na biyu ba zan rubuta ba, tunda kai ka hana ni ƙarya.

Na san wasiƙar nan ba za ta iso ka ba. Na sa ta a fili ne, a shafina na sada zumunta, don mutanen unguwarmu su karanta kafin la'asar ɗin gobe. Gobe kwamitin tsaron unguwa zai zauna a kan amininka, Baba Istifanus. Ana cewa infoma ne, wai shi ke ba ɓarayin daji labari. Ni ne sakataren kwamitin, kuma ni zan karanta takardun da aka rubuta a kansa.

Ka ga inda muka kai. Bari in gaya maka yadda aka yi, don da hannunka a ciki, da bakina.

Ku biyu gwamnati ta tura Jamus ta Gabas, ta 'yan gurguzu, ku koyo aikin injinan ban-ruwa, zamanin da ake ganin dam zai mai da ƙasarmu rumbun shinkafa. Kai ɗan Mafara, shi mutumin Zuru mai zuwa coci. Shekara biyu kuka yi. Ka dawo da hular sanyi mai kunnuwa, da agogon hannu, da wani ciwo da ya gagari magani: duk abin da aka yi a nan, na can ya fi.

In aka ɗauke wuta, sai ka ce, "Can ba a yin haka." In likita ya rubuta a sayo allura, ka ce can kyauta ne har da madara. In direban Bakura ya ce saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali saura shida, sai ka dubi agogonka ka girgiza kai: "Ƙasag ga ba ta da agogo." Na taɓa tambayarka, in can ta kai haka daɗi, me ya sa suka yi katanga don kada mutanensu su gudu? Ka harare ni ka ce, "Wanga yaro, littattafai sun ɓata ka. Mai gona mai kyau shi ka yin shinge."

Ranar da rediyo ya ce an rushe katangar, ka ƙi cin abinci. Inna ta tsaya a kanka da kwano tana cewa, "Yaya, Turawa sun rushe garunsu, kai kuma ka yi fushi da tuwonmu?"

Bayan rasuwarka kewarka ta dame ni, sai na je shagon caji na bakin tasha aka zuba mini finafinan Jamusawa a waya, masu fassarar Turanci a ƙasa. So nake in ga ƙasar da ta ƙwace mana rabin zuciyarka. Kawu, na gan ta. Na ga 'yar motar nan mai tari kamar tsohon janareto, wadda mutum zai yi rajista ya jira ta har ya yi furfura. Na ga layin sayen ayaba. Na ga labule masu launin kabewa, da tsofaffi suna shinshinar sabulun da aka daina yi suna share hawaye. Mutanen da suka rushe katanga da gudumarsu su ne suka dawo suna sayen tikiti don su zauna cikin duhu su yi kewarta. Na yi dariya har matata Hajara ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce mata, ga dangin Kawu nan, gari guda. Ko Fir'auna ne ke mulki lokacin da mutum ke da shekara ashirin da biyar, zai tsufa yana cewa zamanin ya yi albarka.

Amma a waɗansu finafinan na ga abin da ba ka taɓa ambata mana ba. Ofishin 'yan sandan ciki mai ɗakuna cike da fayil har rufi. Maƙwabci yana rubuta maƙwabci, abokin aiki yana rubuta abokin aiki, wani ma matarsa yake rubutawa.

Ga inda bakina ya ja mini. Ka san Alhaji Ummaru mai taki. A damina aka tare motar da babban ɗansa yake ciki a hanyar Maradun, kuma gawarsa aka kawo. Bayan sati biyu aka tare masu dawowa daga kasuwar Damri. Kowa ya san ɓarayin nan ba duba suke yi ba, wani ke gaya musu wa ya fito, da yaushe. Muna zaune a majalisar mai shayi da hantsi, wani ya ce, "Allah Ya jiƙan Na-Jamus, shi da ya ce can ko allura ka yar, sai an biyo ka da ita." Ni kuma, malamin tarihi, mai son a san ya yi karatu, sai na ce, "Ina ɓarawo zai samu wuri, alhali kowa ɗan rahoto ne? Ko tari ka yi, kafin ka rufe baki an kai takarda."

Zolaya nake yi, aka kuma yi dariya. Alhaji Ummaru bai yi ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, maimaita mani."

Kafin Juma'a ta zagayo an kafa akwatin katako a ƙofar masallaci, da kwaɗo, da 'yar tsaga a sama. Duk wanda kake zargi, ka rubuta ka jefa, ba sai ka sa sunanka ba. Aka ba ni sakatare. Alhaji ya ce, "Tunda kai ka kawo ilimin."

Satin farko abin dariya ne. Wani ya kai ƙarar akuyar maƙwabcinsa. Wani ya rubuta cewa ladan yana cika tsawaita kiran salla. Daga nan sunaye suka fara fitowa. Unguwar da ke bayanmu suka kwaikwaye mu, suka yi nasu akwatin. Sunan wani mai sayar da burodi ya fito sau uku, 'yan sa-kai suka tafi da shi, wai tambayoyi za su yi masa. Babur ɗinsa ne ya dawo. Ban san ko yana da laifi ba, Kawu. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, su ma ba su sani ba.

Yanzu ga Baba Istifanus. Ka san halinsa, tunda tare kuka koyo shi. Kullum ƙarfe bakwai na safe yana kan gadar kanal ɗin ban-ruwa ta hanyar Bakura. Ya leƙa sandar awon ruwa, wadda lambobinta suka kusa gogewa, ya dubi agogo, ya rubuta a littafi, ya koma gida. Ya daɗe da yin ritaya. Ofishin da ake kai littafin a da, yau awaki ke sheƙa barci a barandarsa. Rabin kanal ɗin ciyawa ta cinye. Shi dai bai fasa ba ko ranar Kirsimeti.

To, motar jami'an tsaro ma wajen ƙarfe bakwai take haye gadar nan.

Takarda biyar na tarar a kansa. Hannu daban-daban, magana ɗaya: tsohon nan yana rubuta fitar sojoji. Ɗaya ta ƙara da cewa, "Kuma ba ɗan gari ba ne." Mutumin da ya fi shekara arba'in a Mafara, wanda rabin masu noman rani na garin nan shi ya koya musu kwance inji.

Ranar Lahadi, bayan ya dawo daga coci, na same shi a gida. Ya fito mini da littattafan, tuli guda, ɗaure da igiya shekara-shekara. Na buɗa. Kwanan wata, lokaci, lamba. Shi ke nan. Sai dai na san yadda tsoro ke karatu: in ya ga arba'in da biyu, sojoji arba'in da biyu zai gani.

Na roƙe shi ya tafi wurin 'ya'yansa a Kaduna, ko wata ɗaya ne. Ya ce, "Ɗan Haliru, in na tafi, na amsa laifi ke nan." Na ce to ya daina zuwa gadar. Ya ce, "In na daina ranar da aka zarge ni, me za su ce?" Na ce, Baba, wa ke karanta littafin nan? Ya ce, "Bajamushen da ya koya mana ya ce inji yana hutu, littafi ba ya hutu. Wata rana za a zo gyaran kanal ɗin nan, a tambaya yaya ruwan yake a da. Sai in ce musu me?"

Daga nan ya ba ni labarin da ka bar duniya ba ka ba ni ba.

Ya ce watanku na biyu a can, wani mutum mai fara'a ya kira ka ofis, ya ba ka kofi da biskit, ya ce suna son duk ƙarshen wata ka rubuto musu abin da abokin ɗakinka yake yi da abin da yake faɗa. Ka dawo ɗaki kana gumi, ga ƙanƙara na zuba a waje. Ka zauna bakin gado ka ce, "Istifanus, an ce in riƙa rubuta ka." Shi kuma ya ce, "Ni ma jiya aka ba ni biskit ɗin."

Ya ce daga ranar, duk ƙarshen wata sai ku zauna a tebur ɗaya, kowa ya rubuta ɗan'uwansa, kuna duba wa juna kuskuren Jamusanci. Kai ka rubuta cewa yana minshari kamar injin da ya sha iska, amma yana matuƙar ƙaunar zaman lafiyar duniya. Shi ya rubuta cewa kana wanke ƙafa sau biyar a rana a kwanon wanke fuska, kana jiƙa musu daɓe. Shekara biyu kuna haka. Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ce, "Amma can, ko gulma za ka kai, sai ka sa hannu a ƙasa."

Ka ji, Kawu. Namu akwatin ya fi nasu ci gaba.

Ina da ƙorafi a kanka. Shekara da shekaru kana ba mu labarin madara da asibiti da jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci. Labari ɗaya da zai amfane mu yau, shi ka ɓoye. Wataƙila kunya ka ji. Wataƙila ka ji tsoron in ka faɗa, zan ce, "A to, ga shingen mai gona." Da na faɗa kuwa, ka san bakina. Amma da na san cewa abin da ya fi kyau a Jamus ɗinka, kai da Istifanus kuka yi shi, a kan tebur ɗaya, ƙofa a rufe.

Kada ka ɗauka Alhaji Ummaru mugu ne. Ni na riƙe masa hannu a maƙabarta ranar da aka binne ɗansa. Mutum ne da ke son a nuna masa fuska ɗaya ya ce wannan ne. Masu takardun nan biyar ma, ina jin da su nake sahu ɗaya a masallaci. Tsoro ne ya riƙe musu alƙalami.

Ni ma tsoron nake ji, kada in yi maka burga. Hajara ta ce mini, "Malam, a garin nan mai kare infoma sunansa infoma." Gaskiya ta faɗa. Kullum sai na bi hanyar Kaya zuwa makaranta, ni kaɗai a kan babur, kuma tsagar akwatin nan ba ta ƙin sunan kowa. Na yi tunanin in ɓoye takardun in ce ban gani ba. Sai na tuna masu su sun san sun jefa. Na yi tunanin in kwanta ciwo gobe. Sai wani ya karanta su a madadina, ba kuma wanda zai ce uffan.

Ga abin da na yanke. Na ciro agogonka daga akwatin Inna, na wana shi, ga shi yana aiki. Gobe ƙarfe bakwai ina kan gada tare da Baba Istifanus. Shi zai leƙa sanda, ni zan riƙe littafi. Alhaji Ummaru, na san ana karanta maka abin da nake sawa a nan: don Allah ka zo ka leƙa sandar da idonka, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda za mu rubuta. Ku ma masu takardu biyar ku zo. Ba wanda zai tambaye ku ko ku ne.

Kuma yau bayan azahar na jefa takarda ta shida a akwatin. Gobe da la'asar zan karanta biyar ɗin, don aikina ne, sannan in karanta tawa. Ga abin da ta ce, irin naku na can:

"Na sa ido a kan Istifanus tun ina ɗan firamare. Yana zuwa gada ƙarfe bakwai, yana rubuta tsayin ruwa. Shi ya goya kawuna Haliru daga ɗaki zuwa mota ranar da ciwo ya kayar da shi. Ranar jana'iza ya tsaya a bakin maƙabarta cikin rana har aka watse. Maƙwabta sun tabbatar mini har yanzu yana minshari."

Ban san abin da za a yanke ba, Kawu. Mai yiwuwa su saurara. Mai yiwuwa jibi a buɗe akwati a tarar da sunana.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a ƙasar da ta fi wadda ka yi ta kewa, inda ba katanga ba fayil. Allah Ya sanyaya zuciyar Alhaji Ummaru, Ya jiƙan ɗansa. Allah Ya tona asirin masu sayar da mu, Ya tsare mu daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Ya kai mu bakwai na safe lafiya, Ya fitar da mu la'asar lafiya.

Takardar nan ta shida ita kaɗai ce a akwatin mai suna a ƙasa. Ga shi nan kuma, don kada a sha wahalar nema.

Ɗanka,
Murtala, ɗan ƙanwarka Asabe,
malamin tarihi, gida na uku daga masallaci.