Ƙasar Gindin Gawo

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahama, ina sanar da kai damina ta huɗu ke nan ba ka. Ba kuka na zo yi maka ba. Ɓarna na yi a gonarka ta hanyar Fassi, kuma ba wanda ya sani.

Kafin saukar ruwa malaman gona suka zo, wai kowa ya kawo ƙasar gonarsa a auna a Kano, a gaya masa abin da zai shuka da takin da zai sa. Ɗanka na fari yana kan hanya da mota, sai ya bar min leda da bokiti. Ya ce in bi gonar a karkace kamar tafiyar maciji, in haƙa wuri-wuri har sha biyar, in cakuɗa. Ya ce ban da gindin bishiya, ban da makwancin shanu. Sau biyu ya faɗa.

Na je. Na haƙa ta gabas, rairayi fari fat, yana zubewa ta tsakanin yatsuna. Na haƙa tsakiya, haka. Malam, sai na ji kunya. Na ce yanzu baƙi za su rubuta a takarda cewa gonar da ka yi shekara arba'in kana kai wa taki a jaki ta mutu? Baƙo ai mai kyau ake fito masa da shi. Na wuce gindin gawo, inda shanun Fulani ke kwana da rani, na cika ledar da baƙar ƙasa mai sanyi.

Takarda ta dawo, wai ƙasa mai ƙarfi, a sa masara, taki kaɗan ya isa. Yaron nan har da dariya, yana nuna wa mutane a ƙofar masallaci.

Kai ka kan ce, “Gonar nan gona uku ce: gabas ta gero, tsakiya ta gyaɗa, gawo ta marmari.” Ina ji ina gani yaron ya bi ta da masara tun daga wannan iyaka har waccan.

Jiya na leƙa. Masarar ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya kamar mai shawara. Ta gindin gawo ce kawai ta fi ni tsawo. Lokacin gero ya wuce. Rumbunka bana ban san me za a zuba masa ba.

Masu wucewa suna ce wa ɗanka manomin takarda. Ya rantse ran kasuwar Rano zai tare malamin gonar da ya karɓi ledar a gaban jama'a ya ce masa maƙaryaci. Jibi ke nan. Mutumin nan bai yi komai ba, abin da na ba shi ya auna.

Ka san ni da ɗan fari. Ko sunansa ban taɓa kira ba, magana tsakaninmu ta bakinka take bi. Da kana nan da na faɗa maka a zaure, ka yi min faɗa, ka je ka gyara. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa, sai in tambaye shi ko ya ci abinci.

Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa ƙasar da kake ciki ta fi ta gawo sanyi. Ni kuma Ya buɗe min baki kafin jibi.

Matarka,
Uwani