Zan Zo Ɗaukar Rahma Ni Kaɗai

Assalamu alaikum Inna. Abin da nake nema wurinki guda ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun bakina bai mutu ba: ki yarda in zo Damagaram da kaina in ɗauki 'yata Rahma bayan sallar layya, kar a jira Kawu Tijani ya gama girbi ya zo ya raka ni. To na faɗa. Yanzu kuma ina gaishe ki da kyau da kyau, ina kwananku, ina gajiya, yaya ƙafarki da sanyin damina? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwana. Khalida 'yar Hajiyar da nake taya dafa abincin sayarwa ce ke rubutawa, na ce mata ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara mini magana. A waya ba zan iya ba, da na ji muryarki sai in koma yarinya, duk abin da kika ce in ce to.

Mu nan Tamanrasset ta Aljeriya lafiya lau, sai dai maigidana Illo da ya samu tsautsayi, amma kar hankalinki ya tashi, ya wuce. Kin san ya koma aikin garka, noman lambu, a wani gari Idles, can cikin duwatsu. Suna gyaran rijiya dutse ya faɗo masa a ƙafa, aka yi masa ɗori. Ya aiko a kai masa garin gero da kuka da rigar sanyinsa, sai aka rasa mai zuwa, kowa na bakin aikinsa. Hajiya ta dube ni ta ce ai mijinki ne, ke za ki je. Inna, ni da ko kasuwa ba na zuwa sai da 'yar rakiya! Tun da Yaya Rabi ta kawo miki Rahma yaye, wata bakwai ke nan, ko ɗaki ba na son zama ni kaɗai, sai in ji bayana na sanyi.

Ki ji wautar da na yi, kuma ki yi dariyarki, na yafe. Na ce a raina ai mai goyo ba a taɓa ta a hanya, kowa na ganin girmanta. Sai na naɗe ƙullin garin nan cikin rigar Illo, na sa masa hular Rahma da ta bari, na goya shi da zane tamau, na rufa mayafi. A tasha direba na ganina ya tada wani mutum daga gaba, ya ce mai jariri ta zauna nan. Na shiga na zauna kusa da wata tsohuwa Buzuwa. Hanyar kuwa ba hanya ba ce, dutse ne bisa dutse. Duk sanda mota ta yi tsalle sai in ji hannuna ya tafi baya da kansa yana bubbuga gari, har da jijjiga, wallahi ban san ina yi ba.

Da azahar aka tsaya a gindin wata ƙaya don salla da shayi. Ashe tsohuwar nan na jin Hausa, a Agadas ta girma. Ta tsare ni da faɗa, wai tun safe yaron nan bai sha nono ba, bai motsa ba, bai yi kuka ba, wace irin uwa ce ni. Na ce barci yake. Ta ce barcin lafiya ba ya kai haka a wannan zafi. Kafin in kauce ta yaye mayafin da hannunta tana salati, sai ga ƙullin gari sanye da hula. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Inna. Tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har hawaye, direba ya tambayi sunan yaron, mutumin da aka tada mini ya ce shi dai a ba shi fura daga jikin wanda ya ƙwace masa kujera.

Kunya ta kore ni bayan wani babban dutse, na kwance goyon na ajiye, na zauna inda ba mai ganina. Na zaci kuka zan yi. Sai na ji shiru. Ban taɓa jin irinsa ba, ba kukan kaji, ba turmi, ba mai cewa Gwamma kawo kaza, Gwamma ina kaza. Duwatsu baƙaƙe har iyakar gani, iska na shiga ta bayan rigata inda goyo ya bari. Da fari tsoro ya kama ni, na karanta abin da na iya. Can sai na ga ba abin da ya same ni. Na fiddo dabino na ci, ba sauri, ban raba da kowa ba, na yi sallata a natse. Har na tsinci kaina ina yi wa kaina magana da ƙarfi ina dariyar hular nan. Da direba ya danna oda, wallahi sai da na ji kamar a ƙara mini lokaci kaɗan.

Tsohuwar ta ajiye mini shayi da gutsuren burodin da suke gasawa cikin rairayi. Ta ce ita shekara goma tana bin hanyar nan ita kaɗai zuwa wurin 'yarta, kuma har yau in mota ta tashi sai tsoro ya kama ta, amma ba ta fasa ba. Na koma baya bisa kaya na bar wa mutumin kujerarsa. Sati uku na yi ina jinyar Illo, yanzu yana takawa da sanda. Dawowa kuwa bayana fayau na dawo. Ni na nemi mota, ni na miƙa wa jandarma takardata da suka tsayar da mu, ni na tambayi hanyar unguwarmu da 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta. Tun daga ranar ɗakina nake kwana, ban ƙara ɗaukar tabarma zuwa wurin Hajiya ba.

Ba na ce tsoro ya tafi ba. Na san hanyar Arlit ba ta wuni ɗaya ba ce, na ji abin da ake faɗa a kan sahara. Amma takarduna daidai suke, kuma motar da aka sani zan shiga, ba ta ɓarauniyar hanya ba. Illo ba zai iya doguwar tafiya ba sai baɗi, Kawu kuma kafin ya kai gero rumbu ya shirya an ƙara wata huɗu. Ran Juma'a da kuka sa mini Rahma a waya, na ji da kunnena ta kira Yaya Rabi Umma, ni kuma aka ce mata ga Gwamma. Ban ga laifin kowa ba, riƙo ne na alheri, Allah ya saka muku. Amma ki bar ni in zo tun tana iya gane warin jikina.

Ki gaida Baba da kyau, da Kawu Tijani, ki ce wa Kawu ba raini ba ne. Ki gaida Yaya Rabi da yaranta, da Malam Zakariya'u da zai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da surutuna, wurin hular kuma kar ya tsallake.

Don kar ki ji a bakin wani: na gaya wa Illo, ya ce in kin yarda ya yarda. Na gaya wa Hajiya, har ta yi magana da direban da zai kai ni iyaka. Rahma ma na gaya mata ran Juma'ar nan kafin a karɓe wayar, na ce mata ina zuwa, na wanke zanen goyonta, ta ce to. Baba dai bai sani ba tukuna, shi na bar miki.

'Yarki,
Gwamma