Reza Ɗaya

Litinin da dare, 1996

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau ranar duba farce ce a makaranta. Kafin asambuli na zagaya bayan aji biyu, sai na tarar da yara a tsugune, reza ɗaya suke miƙa wa juna suna yanke farce. Wai a bolar bayan shagon aski suka tsinto ta. A gabana Modu ya yanke yatsa, ya goge jinin a wando, ya miƙa wa na kusa da shi.

Makon jiya fa har maƙogwarona ya bushe wajen yi musu bayanin ƙanjamau. Na ce, "Modu, duk abin da na faɗa bai shiga ba?"

Ya ce, "Ya shiga, Malama. Amma bulalar Malam Bukar yau ce, ciwon kuwa sai an daɗe."

Na samu Malam Bukar ɗin, mai duba farcen, na roƙe shi ya sassauta duka. Sai ya tara yaran ya zane su saboda rezar.

Litinin mai zuwa a masai za su ɓuya su yi, inda ba zan gani ba.