Ɗakin Yashi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Mu nan lafiya, sai tarin Baban yara.

Albishirinki. Kamfanonin waje masu sayen kayan da muke ɗinkawa sun sa hannu a wata yarjejeniya ta kare ma'aikata, don ra'ayin kansu, ba wanda ya tilasta su. Sun turo masu bincike masana'antarmu. Ranar har fanka muka gani tana juyawa, manaja kuma ya san sunan kowa.

Babban abin shi ne sun hana ɗakin yashi, inda Baban yara yake aiki. A can ake fesa wa sabon wandon jins yashi har ya koɗe, wai masu sayen sun fi son sabo mai kama da tsoho. Ni da nake facin na yara, abin dariya yake ba ni. Ƙurar nan ce ta cinye masa ƙirji. An ce duk ma'aikacin da aiki ya sa wa ciwo za a yi masa magani. Na daɗe ban yi farin ciki haka ba.

Ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini shirun.

An rufe ɗakin da kwaɗo, masu bincike suka ɗauki hoto. Amma injin fesa yashin, bayan katanga aka kai shi, cikin wata rumfar kwano da sunan surukin manaja. Aka ce wa Baban yara ya bi injin ko ya tafi gida. Ya bi. Yanzu jini yake tofarwa, tsakar gida ma sai ya huta kafin ya ƙetare.

Da masu binciken suka dawo, na tare shugabarsu a bakin banɗaki na faɗa mata komai. Mutuniyar kirki ce, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce rumfar ba ta cikin yarjejeniya, don haka Baban yara ba ma'aikacinmu ba ne, babu magani. In ta rubuta, masu sayen za su iya kwashe aikinsu su kai wata ƙasa, a rufe mu duka. Ta tambaye ni ko ta rubuta.

Yaya, keken ɗinkina ne kaɗai yake ciyar da gidan nan. Na ce kada ta rubuta, na koma na ci gaba da ɗinki. Baƙin ciki kamar ya kashe ni, kuma ban iya gaya masa ba, har yau yana jiran maganin.

Ki zo ki ɗauki yaran. Ba na so su ga sauran.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Auta