Wanda Ya Kashe wa Ɗan Aku Fitila

Zuwa ga ɗana,

Kafin in gaishe ka ga gargaɗi, kuma ka karanta shi sau biyu: kada ka sake saka abu mai rai a kwali ka ba direba ya kawo mana. Ko kifi ne a kwalba ban yarda ba. Rai ba takalmi ba ne da za a ce in bai yi daidai ba a mayar a canzo wani. Kada kuma ka ɗauki waya ka kira ni kana dariya kafin ka kai ƙarshen takardar nan, don na san halinka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, aiki yana tafiya daidai, kana kuma yin salla a kan lokacinta, ba sai rana ta fito ta same ka a kan gado ba. Allah Ya tsare ka, Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya raba ka da na banza ko da suna da daɗin hira. Mu a nan lafiya lau muke. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har ya ajiye sanda, sai dai likita ya hana shi gishiri, shi kuma yana ɗiba a bayan idona yana zaton ban sani ba. Ƙanwarka ta koma makaranta. Rufin kicin da yake yoyo an gyara shi. Na zaɓi in rubuto maka da hannuna ne saboda maganar da zan yi ba ta waya ba ce, a waya katse ni kake yi.

Ɗan akun da ka aiko wa matarka don ya ɗebe mata kewa ya iso ranar Asabar. Da aka buɗe kwalin na ɗauka tsako ne aka fige da ransa: ƙaton kai, ƙaton baki, jiki duk tsiron gashi kamar allurai, jan wutsiyar ma bai fito ba. Babanka ya leƙa ya ce wannan ko kyanwa ta gan shi sai ta ba shi sadaka. Ita kuwa matarka ta karɓe shi da hannu biyu. Ta shimfiɗa tsohon tawul a cikin robar wanki, ta ajiye shi a ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, ta ɗauko fitilar tebur ɗin nan da kake karatu da ita ta karkato kanta a saman robar. Kwana biyu yana cin garin abincin da ka haɗo da shi. Tana damawa da ruwan ɗumi, tana ba shi da sirinji, shi kuma yana ihu kamar ana yanka shi.

Ranar Litinin ta koma makarantar da take koyarwa. To, ka san dokata tun kuna yara: ba a barin fitila a kunne da rana a gidan nan. Wajen ƙarfe tara na zo wucewa na ga haske ta ƙarƙashin ƙofa, na shiga na kashe, na kuma buɗe taga saboda ɗakin ya fara warin tsuntsu. A lokacin kuwa ruwa ake yi, iska mai sanyi tana shigowa. Har tsaki na yi, na ce a raina yaran yanzu ba su san darajar wuta ba. Da ta dawo ƙarfe biyu ta kunna, ta rufe tagar. Washegari ta mayar da robar ɗakinta. Na shiga ɗaukar dutsen guga, na ga fitila, na kashe. Da yamma tana kawo mini abinci ta ce, murya ƙasa-ƙasa, wai ta karanta cewa irin waɗannan suna son ɗumi sosai. Na ce to a lulluɓe shi da zani mana, mu da muka yi kiwon kaji ba mu taɓa kunna wa tsako lantarki ba. Ta ce to, Mama. Na manta cewa 'yan tsakin namu suna da uwa da take rufe su da fukafukinta, wannan kuwa ka raba shi da tasa. Ranar Laraba ta cika kwalba da ruwan zafi, ta saka a safa ta ajiye masa kafin ta fita, amma ruwan kwalba awa nawa zai yi? Ni kuma na sake kashe fitilar, karo na uku.

Ranar Alhamis ya ƙi abinci. Ta kai masa sirinji ya kau da kai, ta ɗiga masa a baki ya bar shi ya zubo. Ihun nan da ya dame mu ya ɗauke gaba ɗaya, ya takure wuri ɗaya ido a lumshe, kai yana rinjayarsa. 'Yar jakar da ke ƙasan wuyansa, inda abinci yake taruwa, ta kumbura ta ƙi saɓewa tun ranar Laraba, bakinsa yana tsami. Na same ta zaune a ƙasa ta tasa shi a gaba. Ta ce ba ta san da wane baki za ta gaya maka cewa abin da ka aiko mata ya mutu a hannunta cikin kwana shida ba. Ba ta tsaya kuka ba. Ta kira shugabar makarantarsu ta nemi izinin 'yan kwanaki, ta naɗe shi a tawul, ta saka shi cikin mayafinta a jikin ƙirjinta, ta ce asibitin dabbobi za ta. Na bi ta, ba don tausayi ba, in gaya maka gaskiya, sai don in ga yadda ake kai tsuntsu gaban likita.

Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata a shekaru ba, amma bakinta ya fi nawa kaifi. Tana taɓa ƙafafunsa ta ce sanyi ne ya kama shi. Ta ce ɗan tsuntsun da gashinsa bai gama fitowa ba ba ya iya ɗumama kansa, in kuwa ya yi sanyi cikinsa tsayawa yake yi, abincin ya zauna a wuya ya lalace, kuma da an ci gaba da ɗura masa da ya shaƙe. Sai ta tambaya ko akwai ɗumi a kansa dare da rana. Matarka ta sunkuyar da kai ta ce akwai fitila, amma da rana takan mutu, sakacinta ne. Likitar ta wanke ta tas. Ta ce mutane suna son abin ado amma ba sa son wahalarsa, ta ce malama guda ba ta iya kula da fitila ɗaya ba ina ga 'ya'yan mutane. Yarinyar nan ta tsaya tana ji, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Ni kuwa ina zaune a kan benci riƙe da jaka. Shekara talatin ina koya muku cewa wanda ya yi laifi ya buɗe baki ya ce ni ne, sai ga bakina ya yi nauyi kamar an ɗinke shi. Haka muka fito na bar ta da laifina. Ka rubuta wannan ka ajiye, don ba kullum za ka ji shi daga gare ni ba.

Abin da na gani a kwana huɗun da suka biyo baya shi ya sa na ɗauki biro. Likitar ta zuƙe lalataccen abincin, ta ba da magani, ta ce sauran aikin na mai haƙuri ne. Matarka ta rubuta lokuta a takarda ta manna a ƙofa. Duk bayan awa biyu sai ta fara ɗumama shi a tafin hannunta, sannan ta ɗiga ruwan maganin a bayan hannunta ta ji zafinsa, kamar yadda ake gwada madarar jariri. Ɗigo uku, ɗigo huɗu, ta gefen baki, sai ta shafa masa wuya da ɗan yatsa a hankali. In ya ƙi ba ta tilasta masa, ta ajiye ta dawo. Kullum da safe ta ɗora shi a kan sikelin kicin ta rubuta nauyinsa, kuma kwana biyu a jere raguwa yake yi. Da aka ɗauke wuta ranar Asabar ta yini tana canza kwalaben ruwan zafi, ga takardun ɗalibanta a cinya tana dubawa. Duk da haka abincin babanka bai makara ba, gaisuwata ta safe ba ta ragu ba, ban kuma ga alamar fushi a fuskarta ba, ni da na fi kowa iya karanta fuska.

Ita ce ta lura cewa sirinjin yake tsoro, tun da likita ta saka masa roba a maƙogwaro. Ta roƙi babanka ya lanƙwasa mata gefen ƙaramin cokali da filaya ya zama kamar baki. Babanka ya yi, yana cewa bai taɓa zaton zai tsufa yana yi wa tsuntsu ƙira ba. Ranar Litinin da hantsi ta ɗumama yatsunta biyu, ta kama gefen bakinsa kamar yadda uwarsa za ta kama, ta kawo cokalin. Ya tsaya yana kallon cokalin. Can sai ya fara gyaɗa kai da ƙarfi, yana haɗiya, yana ɓata mata riga, sannan ya kwarma ihun nan nasa mara daɗi. Wallahi ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Ita kuwa a nan ne ta yi kukan da ta riƙe kwana biyar.

A ranar na tara su a falo, ita da babanka, na ce ni na kashe fitilar sau uku, ni na buɗe taga, ita kuma ta sha faɗan da nawa ne. Na nemi ta yafe mini. Ta rufe fuska da mayafi ta ce ba komai, ai ban sani ba. Babanka ya ce yana roƙon Allah Ya ba shi ran da zai ji akun nan ya fara magana, don ya tabbata kalmarsa ta farko ita ce: a kashe fitila. Ban kula shi ba. Jiya da muka koma asibiti na gaya wa likitar gaskiya da bakina, ta kuma ba matarka haƙuri. Ta ce ya tsallake, nauyinsa yana hawa, gashin wutsiya ya fara leƙowa ja.

Ɗana, ka yi dace. Da ka kawo ta na ɗauka shirunta sanyin jiki ne, ashe ƙarfin hali ne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Macen da za ta yi wa tsuntsu haka, ta kuma rufa wa uwar mijinta asiri a gaban baƙuwa, ba a yi mata wasa. In na ji ka ɗaga mata murya, ko ka yi mako ba ka kira ta ba, da ni za ka yi. Amma ban ƙyale ta ba ita ma. Na gaya mata kunyarta ta kusa kashe abin da hannunta ya raya, don da ta dube ni tun Litinin ɗin farko ta ce Mama, ki bar fitilar nan, ransa ne, da duk wannan bai faru ba.

Ka gaishe mini da baffanka da iyalinsa, ka ce masa maganin da ya aiko ya iso. Ka gaishe da gwaggonka mai ɗinki, da Dogo abokin zamanka, ka ce masa ya rage shan shayi. Babanka yana sa maka albarka, matarka tana gaishe ka, ba ta kuma san na rubuta wannan ba.

Ni ce mahaifiyarka.

Ga kuma dokar da na kafa, tun da gidan nan naka ne kai ma: daga yau duk wanda ya ga babba yana kuskuren da zai cutar da mai rai, mutum ne ko dabba, ya faɗa masa a take, da ladabi amma a fili, ko da babban ni ce. Wanda ya yi shiru don kunya, laifin nasa ne tare da mai yin.