Zanen Mma da katakon Mutaru

Anti Shafa'atu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mahaifiyarmu, Mma, ta rasu bara a nan Bronx. Kayanta duk an kai wa 'yan'uwanta a Kumasi, zane ɗaya kawai ya rage mana ni da ƙanina Mutaru, atamfa shuɗiya. Har yau tana ƙamshin humrarta da man kaɗanyar da take shafawa. In na taso aikin jinyar tsofaffi a gajiye, nakan buɗe akwati in cusa fuskata ciki in yi kukana.

Shi Mutaru tun da aka binne ta ya daina magana, ya bar tuƙin tasi, sai kwanciya. Abin da ya tashe shi, wallahi da dariya zan yi a da, wai haɗa katakon da ake takawa a yi sulu a kan ƙanƙara, a garejin wani abokinsa a unguwar St. George. Sukan shimfiɗa yadi a saman katakon don ado, su kwarara masa wani gam mai kamar zuma da suke kira ifoksi, su danne har ya bushe. To, zanen Mma yake so a kan nasa. Na yanka masa rabi. Sai gam ya ƙi kamawa, ya yi bororo ya ɓare, rabin ya tafi a banza! Maiƙon da ke jikin zanen ne ya jawo. Yanzu yana son sauran, kuma wai dole a wanke shi da ruwan zafi, a sake wankewa, har ba sauran maiƙo ko ƙamshi, a goge shi sumul. Na ce a'a, na ƙara da cewa zanen uwa ba abin takawa ba ne. Tun ranar bai koma garejin ba, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, abinci ma sai na ajiye masa a bakinta. Ina tsoro, Anti. Amma in na wanke zanen nan, ji nake kamar na sake binne ta.

Mai kewar uwa, Mount Hope

'Yata, Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta.

Ba ki yi rowa ba, haƙƙinki a zanen nan daidai yake da nasa, kuma ya riga ya ɓata rabi don gaggawa. Shi ma ba raini ya sa shi ba. Ke kina neman uwarku da hanci, shi yana nemanta da hannu. Maganar takawa kuwa ki janye ta, ita ce ta fi yi masa ciwo.

Ga shawarata. Ki yanke haɓar zanen, wurin da take sokewa a ƙugu, can ƙamshin ya fi zama, ki sa a kwalba mai murfi. Wannan naki ne. Sauran kada ya taɓa shi sai ya sayi atamfa mai araha ya gwada, ya wanke, ya goge, ya zuba gam, kin gani da idonki ya kama. Ki kuma shirya zuciyarki, launin zanen zai yi duhu in gam ya hau shi. In gwaji ya yi kyau, ku wanke zanen ku biyu, da hannu, a gida.

Amma rufe ƙofar nan ta fi zanen damuna. Mutumin da ya bar aiki, ya bar magana, ya bar fitowa cin abinci, likita yake bukata, a makon nan, ki raka shi da kanki.

Zan faɗa miki abin da ba kya son ji. Ƙamshin nan zai tafi ko kin wanke ko ba ki wanke ba. Mma ta bar miki abu biyu a gidan nan, ɗaya yana akwati, ɗaya yana bayan ƙofa yana numfashi. Ki je ki ƙwanƙwasa yau.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Mutaru lafiya.

Anti Shafa'atu