Shafi Na Goma Sha Ɗaya

Sunnyside, 8 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Hortensia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatan ofis. Ƙaninki Efrain yana gaishe ki, ko da yake tun da aka fara tsinkar tuffa ba na ganinsa sai wajen cin abinci. Ga rasit ɗin wannan makon a cikin ambulan kamar kullum. Na haɗa da wasiƙa ne don a waya ba na gama jimla kafin ki ce "sai an jima".

Banki ya aiko da ɗan littafi mai shafi goma sha huɗu a kan katin kamfaninmu, baƙin nan mai nauyi da ake sayen kayan gyara da shi. Na karanta shi tas. Kuɗin shekara ya tashi daga dala ɗari biyar da casa'in da biyar zuwa ɗari takwas da casa'in da biyar. Sun soke shiga ɗakin hutu na filin jirgi da baƙo. A madadinsa sun kawo sababbin garaɓasa: rangwamen otal a biranen da ba ma zuwa, da rangwamen kawo abinci gida, alhali mai kawo abinci ɗaya ne a garin nan, kuma ɗan ƙanwar maƙwabciyarmu ne.

Abin da ya dame ni shi ne makin da katin yake tarawa duk lokacin da aka yi sayayya da shi. Yanzu in aka mayar da su wa kamfanin jirgi, kowane maki ɗaya namu ɗaya ne a wajensu. Daga ɗaya ga Oktoba uku za su koma biyu. Makinmu dubu ɗari uku da goma sun isa kujera biyu zuwa Lisbon da dawowa, amma bayan ranar nan ba za su isa ba.

Kin san tafiyar amarcin da Efrain ya yi mini alkawari, yau shekara uku ke nan. Na karanta labarai sun fi ashirin da suka faru a Lisbon ɗin, har na san tudun da jarumar take tsayawa tana kallon jiragen ruwa. Katin da sunanki yake, ke kaɗai za ki iya mayar da makin. Don Allah, Yaya, kafin ƙarshen wata.

Ki huta lafiya.
Matar ƙaninki, Noemi

Wenatchee, 12 ga Satumba

Amarya,

Na ga saƙonki, na gode, ina gaida ku. Rasit ɗin man mota guda biyu babu a ciki, ki duba aljihun mijinki.

Dala ɗari tara a kan katin ƙarfen da nake kankare ƙanƙarar gilashin mota da shi? Jiya Alhamis na kira su na rufe katin. Yarinyar ta ce, "Madam Arreola, kin san garaɓasar bana ta kai darajar dala dubu biyu?" Na ce, "To ki turo mini dubu biyun, ki riƙe katin." Ta ce ba haka ake yi ba. Na ce ai na sani.

Maki kuwa ba gudu za su yi ba, suna nan a ajiye kamar kuɗi a asusu. Bayan kaka ma yi maganar Lisbon ɗinki.

Yayarku, Hortensia

Sunnyside, 16 ga Satumba

Yaya Hortensia,

Ina gaisuwa, da fatan aiki yana sauƙi. Ga rasit biyun nan, a cikin takalminsa na same su, kada ki tambaye ni dalili.

Maki ba kamar kuɗi a asusu suke ba. Shafi na tara ya ce ranar da aka rufe kati, makin da ke kansa sun mutu tare da shi. Na shiga na duba da kaina, sifili ne.

Ban yi kuka ba, na dai zauna a ƙasan kicin na ɗan lokaci. Efrain ya shigo ya same ni, ya ce, "Wa ya mutu a littafin kuma?"

Na ce, "Lisbon."

Ya ce, "Namiji ne ko mace?"

Da na yi masa bayani sai ya zauna kusa da ni da kayan aikinsa, duk ƙanshin mai. Ya ce in yi haƙuri, zai kai ni bakin teku a mota bayan Kirsimeti, wai ruwa duk ruwa ne. Na lura bai yi baƙin ciki sosai ba. Kin san shi da tsoron jirgin sama, tun wancan karon da ya riƙe hannun wani tsoho daga Seattle har Guadalajara.

Na koma na sake karanta ɗan littafin, don ba na barin littafi a tsakiya ko da marar daɗi ne. A ƙasan shafi na goma sha ɗaya, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa wanda ya rufe kati yana da kwana talatin ya nemi a mayar masa da makinsa wa kamfanin jirgi. Sai ta waya, kuma sai mai sunan da bakinsa. Na gwada kira a madadinki, suka tambaye ni sunan karenki na farko don su tabbatar ke ce, na ce ban sani ba. Kwana talatin ɗin ba su ne namu ba, Yaya, ɗaya ga Oktoba ce tamu. Na ja layi a ƙarƙashin lambar wayar.

Taki, Noemi

Wenatchee, 21 ga Satumba

Amarya,

Gaisuwa. Zan gaya miki yadda makona ya kasance. Injin sanyaya na wani rumbu ya tsaya da tuffa cike a ciki, mai gonar yana tsaye a kaina yana ihu. Ɗaya daga cikin makanikaina ya karya yatsa. Na gwada lambar taki sau ɗaya, aka sa mini kiɗa minti arba'in, sai wani ya shigo da matsala na ajiye.

Tun da kin iya karatu, karanta wannan. Makin nan daga ina suka fito? Daga kowane inji da kowane bututu da na saya a shekara uku. Kamfanin nan rabi nawa ne, rabi na Efrain, haka Baba ya bar mana. Tun da ya rasu, shekara goma sha ɗaya, ban yi kwana uku a jere ban buɗe ofis ba. Ranar bikinku Efrain ya tashi da kofi a hannu ya yi miki kyautar Lisbon a gaban jama'a, kowa ya tafa, ni ma na tafa. Ba wanda ya juyo ya ce, "Hortensia, ke ina kike son zuwa?"

Ban rufe katin da mugunta ba, ban san da shafi na tara ba. Amma ba zan bar rumbun mutum ya ruɓe don in zauna jin kiɗan banki ba.

Hortensia

Sunnyside, 24 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya ba makanikin lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Gaskiyarki ce. Shekara uku ina duba makin nan kowace Lahadi bayan coci, ina kiransu nawa, ban taɓa tunanin hannun da ya tara su ba. A labaran da nake karantawa akwai yaya ko gwaggo da ke riƙe da gida yayin da jarumar take kallon teku, kuma ni ma tsallake shafukanta nake yi.

Na karanta wa Efrain ita. Ya ce, "Cancho."

Na ce, "Me?"

Ya ce, "Sunan karen. Ta yi mako ba ta ci abinci ba da ya mutu. Kada ki ce na gaya miki."

Ga shi na gaya miki, kuma ban yi amfani da sunan ba, ko da yake na ɗauki wayar sau biyu.

Ba zan sake roƙon Lisbon ba. Abu ɗaya nake so, kada ki bar wa banki rabonki. Ki kira ki karɓa, ki je inda kike so, ko ki bar su a wajen kamfanin jirgi har ki sami hutu. In ba ki kira ba, ba ni ba, ba ke ba, sai banki.

Na sa miki wani ɗan littafi a ambulan saboda kiɗan. Labarin wata mata ce da ta gaji shagon gyaran jiragen ruwa, da wani kyaftin da yake kawo mata jirginsa gyara alhali babu abin da ya same shi. Na farko ne, na biyu yana wajena. In ba ki so, ki sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai rawa.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Noemi

Wenatchee, 30 ga Satumba

Noemi,

Gaisuwa. Yau da rana na kulle ƙofar ofis na kira. Minti saba'in da biyu. An mayar da makin duka, ɗaya ɗaya.

Na yanki kujera biyu, goma sha huɗu ga Janairu, kwana takwas. Rabona kujera ɗaya ce, na sa sunana. Rabon Efrain kujera ɗaya ce, na tambaye shi sunan wa zan sa, ya ce naki tun kafin in rufe baki. Shi zai riƙe ofisoshin biyu, na nan da na Sunnyside, kuma ban taɓa jin muryarsa da daɗi haka ba. Bakin tekun da ya yi miki alkawari yana nan a kansa, ni shaida ce.

Za mu yi jiran awa tara a Newark a kan benci, tun da ba mu da ɗakin hutu. Ki zo da abinci.

Na kai babi na shida. Matar nan tana cajin kyaftin kuɗin da bai kai ba. Ki aiko da na biyun cikin ambulan ɗin Litinin, kuma kada ki gaya mini komai.

Yayarki, Hortensia